Sibindi Bai Cire Hula Ba

Rabin gemun Baba Sibindi na cikin kumfa lokacin da matarsa MaNkiwane ta fito daga ɗaki riƙe da takalmansa na hawan dutse. Ta wuce shi da mai askinsa, ta ɗaga hannu ta cilla takalman kan rufin akurkin kaji. Ɗaya ya zauna, ɗayan ya gangaro ya faɗa cikin fangalin ganye.

"Ka gani ko, Mlilo?" in ji tsohon, ko haɓa bai motsa ba. "Tun muna da ƙuruciya nake gaya mata ba ta da saiti."

"Baba, aska ce a wuyanka. Bari in gama tukuna."

"Gama masa," in ji MaNkiwane. "Gyara shi sosai, rema su ga ango."

Mlilo mai aski ne. Shagonsa na bakin tashar motar unguwar Luveve, gidansa kuwa a jikin na Sibindi yake, shingen waya kawai ya raba su, shi ma kabewar MaNkiwane ta haye shi ta kwantar. Tun da ƙafafun tsohon suka fara kumbura ya daina takawa zuwa shago, sai Mlilo ya riƙa zagayowa da kayan aikinsa ran Juma'a da yamma, su zauna a gindin lemo a yi askin. Yau ya tarar da rigima, ya kuma san da shi a ciki, don gobe ce babbar ƙidayar rani ta ƙungiyarsu, shi ne kuma abokin aikin Sibindi a duwatsu.

Ƙungiyar tasu ba wata babba ba ce. Tsofaffin malaman makaranta ne, da wata mai kantin magani, da 'yan fansho, da ɗalibai masu zuwa yau su ɓace gobe. Ba mai biyan kowa. Sukan taru a wani aji su sha shayi, su yi ta gardama ko tsuntsun da wane ya ce ya gani shi ne ko ba shi ba ne, sa'annan lokaci-lokaci su shiga duwatsun kudu da gari su ƙirga rema, da baƙar gaggafar da ke rayuwa a kan rema. A unguwa 'yan ƙirga ake ce musu, ba kuma don yabo ba. Sibindi na cikinsu tun yana ma'aikacin jirgin ƙasa, zamanin da yakan wuni shi kaɗai a ɗakin sigina, inda ake ba jirgi hanya, a tsakiyar daji, ba abokin hira sai abin da ya tashi sama. Shi ya ja Mlilo ciki. Har yau abin na ba mutane dariya, don duk Luveve ba wanda ya kai Mlilo surutu, aikin kuwa gaba ɗayansa shiru ne.

"Likita ya ce ko bokiti kada ya ɗaga," in ji MaNkiwane. Ta tsaya a kansu, hannu a ƙugu. "A zaune yake kwana, Mlilo, in ya miƙe numfashi ƙin zuwa yake. Amma zai hau dutse. In ya faɗi a can, remar ce za ta kawo mini shi?"

"Ba hawa zan yi ba, zama zan yi. Motar Misis Mabhena ta ƙungiyarmu na kai ni har gindin dutsen. A nan ɗin ma me nake yi in ba zaman ba?"

"A nan ina ganinka."

"Ai shi ne abin da ke kashe ni."

Mlilo ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye sauran. Ya tallafi haɓar tsohon ya ɗaga ta. Ya daɗe yana aske wannan fuskar, ya san ta kamar tafin hannunsa, amma yau fatar ta yi sanyi da laushi, kamar ta wanda ya jima cikin ruwa. Jijiyar wuyan tana bugawa a ƙarƙashin babban yatsansa. Sai ta tsaya. Mlilo ya ɗauke askar ya jira, bai san yana jira ba, har ta ci gaba. Tsoro ya kama shi, bai kuwa gaya wa kowa ba.

"Wannan ce ta ƙarshe, MaNkiwane," in ji Sibindi a hankali. "Na riga na ce su nemi wanda zai gaji dutsen. Bar ni in je in zauna sau ɗaya, in duba sama."

Duk sun san abin da zai duba. Lokacin da yake saurayi, manyan ungulayen daji sukan cika sararin kwarin nan. Sai masu shanu suka fara zuba guba a mushe saboda kuraye da diloli, ungulaye suka ci suka mutu tuli-tuli. An yi shekaru ba wanda ya ga ko ɗaya a wajen. Sibindi na ƙirga remarsa yadda aka ce, amma rabin idonsa kullum na sama. Duk ƙidaya in an dawo mota sai wani ya tsokane shi, "Baba, baƙinka sun zo?" Shi kuma ya ce, "Suna hanya."

MaNkiwane ta juyo kan Mlilo, wanda ke ta goge askar da ta riga ta goge.

"Kai ne kake zama a dutsen da ke kallon nasa?"

"Ni ne, Mama."

"Kana ganinsa daga can?"

"Da madubin hangen nesa har maɓallin rigarsa nake gani."

"To kai na ba amana. Ban ba Misis Mabhena ba, ban ba ƙungiya ba, kai na ba. Da ƙafafunsa zai fita, da ƙafafunsa nake son ya shigo mini."

"In ya ji ba daidai ba sai ya ɗaga mini hannu," in ji Mlilo, bakinsa ya riga hankalinsa kamar kullum. "Nan da nan zan ƙetara."

"Ba a ɗaga hannu," in ji Sibindi. "Ni na koya maka. Ka ɗaga hannu, rema duk su shige rami, ka ɓata wa kowa safiya."

"To ka ga irinta," in ji MaNkiwane.

Kumfa na bushewa a kumatun tsohon. "Hula," ya ce. "In na ji wani abu zan cire hula in ajiye a gwiwa. Muddin kana ganin hula a kaina, lafiya lau nake, ka bar ni."

MaNkiwane ba ta ce ta yarda ba. Ta dai je ta ɗauko tsintsiya mai doguwar sanda, ta zunguro takalmin daga kan rufin kajin.

Washegari sanyin Yuli, watan hunturu a ƙasar, ya sauko da ƙarfinsa, ciyawar bakin titi duk ta yi fari. Tsohuwar a-kori-kurar Misis Mabhena ta tsaya a ƙofar gida tana tari, 'yan ƙirga a baya cikin barguna. MaNkiwane ta rako mijinta har ƙofa da gorar shayi da burodi mai man gyaɗa a leda. Ta gyara masa wuyan kwat. Ta kama igiyar hularsa, wadda ita ta ɗinka mata saboda iskar duwatsu, ta ɗaure a ƙarƙashin haɓarsa ta tamke, kamar mai shirya ɗan makaranta.

"Za ki shaƙe ni."

"Da na huta."

Ba ta dubi Mlilo ba, kuma da ta dube shi da ya fi masa sauƙi.

Dokar ƙidaya ba ta da yawa, amma Misis Mabhena ta yi shugabar makaranta kafin ta yi ritaya, don haka sai ta maimaita ta kowane zuwa kamar yau aka fara. Kowa da dutsensa. Ka zauna kafin rana ta taɓa duwatsu, don da ɗuminta rema ke fitowa. Ba motsi, ba kira, ba fararen kaya, ba kwatanta abin da ka gani da na maƙwabcinka. Ba mai tashi sai an ji ham ɗin mota da tsakar rana. Waya kuwa ko an so ba ta kamawa a can.

Da suka isa gindin dutsen Sibindi, Mlilo ya sauka ya taimaka wa tsohon hawa. Hawan ba nisa, amma sau da yawa suka tsaya. Wurin zaman wata 'yar tsaga ce a jikin dutse, mai majingina, shekarun zaman Sibindi sun goge ta har tana sheƙi. Ya zauna a ciki daram, ya jingina, ya ɗora gwiwar hannu a kan gwiwa, madubi a ƙirji.

"Je ka, mota na jiranka," ya ce yana haki. "Kada ka ɓata safiyarka kana kallona. Ni ba rema ba ne."

"Na yi alkawari, Baba."

"To kalla. Amma kada ka sa ni a lissafi."

Motar ta zagaya da Mlilo ta sauke shi a ɗaya gefen kwarin, ta wuce da sauran. Ƙararta ta yi nisa ta ɓace. Ya hau nasa dutsen ya zauna, kafin komai ya ɗaga madubi. Ga tsohon can, ƙarami, cikin kwat mai ruwan ƙasa, yana zuba shayi a murfin gora. Hula na kansa.

Rana ta taɓa saman duwatsu ta fara gangarowa. Rema suka fara fitowa, wata daga nan wata daga can, su kwanta su baje ciki kamar 'yan kasuwar da ba ciniki. Mlilo ya ƙirga su yadda aka koya masa, daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa. In ya gama zagaye ɗaya sai ya mai da madubi kan Sibindi. Hula na nan. Baƙar gaggafa da mijinta suka bi bakin dutse suka wuce, inuwarsu ta share rema cikin ramuka, daga baya suka sake fitowa. Ya duba. Hula na nan.

Shi Mlilo zaman nan azaba ne a gare shi. Ƙafa ta yi masa tsami, hanci ya yi ƙaiƙayi, labarai su taru a bakinsa ba wanda zai ba. Kullum yakan dubi Sibindi don ya ji kunya ya natsu. Yau kuwa tsohon ya wuce inda ya saba. Wata rema ta fito ta kwanta a kusa da takalminsa. Can sai ga wata da 'ya'yanta, har ɗaya ya hau kan ledar burodin. Mlilo ya taɓa ganin rema ta matso kusa da Sibindi, amma bai taɓa ganin haka ba. Ya ji kishi, kishi na gaske, ya ce a ransa ko zai shekara ɗari a kan dutse ba zai iya wannan ba. Ya ma fara shirya yadda zai ba da labarin a shago.

Hantsi ya yi, iska ta kwanta. Kwarin ya yi tsit, irin shirun da mutum ke jin jininsa a kunne. Wani ƙadangare mai shuɗin kai ya hau gwiwar tsohon ya tsaya yana gyaɗa kai. Mlilo ya yi murmushi. Ya duba hular, tana nan, ta ɗan karkata gaba kamar mai duba wani abu a ƙasa.

Sai wata inuwa ta ratsa dutsen da yake kai, mai faɗi, ba ta gaggafa ba.

Ya ɗaga kai. Can sama ƙwarai wani abu na shawagi, ko fiffike ba ya kaɗawa. Ya sa madubi, ya rasa shi, ya sake nemo shi. Dogayen fukafukai masu yatsu a baki, gajeren wutsiya, farin baya in ya juya. Bai taɓa ganinsa da rai ba sai a hoton da ke bangon ajin taro, amma ba ya bukatar a gaya masa.

Murna ta cika shi har idonsa ya kawo ruwa. Baƙin Baba sun zo, kuma a ranarsa ta ƙarshe. Da ƙyar ya danne kansa bai miƙe ya yi ihu ba. Ya mai da madubi da sauri don ya ga fuskar tsohon, ya ga yadda zai ɗaga kai.

Bai ɗaga ba.

To, in ji Mlilo a ransa, bai gani ba tukuna, idonsa na kan rema. Ya jira. Ungulun ya yi zagaye ya sauko ƙasa kaɗan. Wani ya ɓullo daga kudu, wani a bayansa. Inuwarsu ta bi ta kan dutsen Sibindi, ta bi ta kan kwat ɗinsa, rema suka watse gaba ɗaya. Mutumin da ya yi shekaru yana duba sama bai motsa ba. Madubinsa na ƙirji inda yake tun safe, murfin gora na gefensa cike da shayi.

A nan Mlilo ya lura da inda tsuntsayen ke kewayawa. Ba tsakiyar kwari ba ne, ba kuma wajen garken shanun da ke can yamma ba.

Bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya karya dokar duka a lokaci ɗaya, ya ɗaga hannu biyu, ya kira sunan da duk ƙarfinsa. Duwatsu suka mayar masa da "Sibindi" ta ko'ina. Ya bar jakarsa a nan ya faɗa gangara. Kwarin da yake ƙarami a madubi ya zama ƙato a ƙafa. Ƙaya ta kama wandonsa, ta tsage masa hannu, ya faɗi a busasshen rafi ya tashi, yashi na janye ƙafarsa. Duk inda ya sami fili sai ya duba sama, ya ga sun ƙaru, sun kuma ƙara saukowa. Yana gudu yana faɗin, "Hula na kansa, ai hula na kansa," kamar akwai mai sauraronsa.

Da ya iso, tsohon na zaune yadda ya bar shi, tsagar dutsen ta riƙe shi ta kowane gefe. Idonsa a buɗe kaɗan. Fuskar da Mlilo ya aske jiya tana nan tsaf, ba alamar wahala, ƙuda ɗaya na yawo a gefen baki. Ya taɓa wuyan, inda jijiyar nan take. Wannan karon ya daɗe yana jira. Jikin ya riga ya yi sanyi duk da ranar da ke dukansa, hannun ya fara sandarewa.

Hannun dama ba a kan gwiwa yake ba. Yana ƙirji, kusa da wuya, yatsa biyu a maƙale cikin igiyar hular. Daga dutsen Mlilo sai ka ce mai riƙe da madubi.

Mlilo ya durƙusa ya daɗe yana kallon yatsun nan. Ko cire hular ya so yi ƙullin ya ƙi, ko igiyar ce ta dame shi kawai, ko hannun ne ya kai kansa inda ciwon yake, ba wanda zai sani. Ya zare yatsun a hankali, ya kwance ƙullin da farce da haƙori, ya shafa idanun ya rufe. Ya yanke shawara a wurin cewa wannan shi kaɗai ya gani, haka kuma zai zauna.

Wani abu ya dira a bayansa da nauyi, kamar an yar da buhu.

Ungulun ya tsaya a kan wani dutse, nisan jifa, ya naɗe fukafukai ya zuba masa ido. Kusa ya fi yadda Mlilo ya zata girma, dogon wuya ba gashi, ido ƙarami mai natsuwa. Wani ya sauka a gefensa. Wasu suka cika busasshiyar bishiyar da ke ƙasa, rassa na lanƙwasa. Ba su yi kuka ba, ba su yi faɗa ba. Jira kawai suke yi, kuma sun fi shi iya jira.

Ba zai iya ɗaukar tsohon shi kaɗai ba, ba zai kuma iya barinsa ya je neman taimako ba. Ya cire jaket ɗinsa ya rufe masa fuska da ƙirji. Ya ɗauki dutse ya auna na kusa, ya ɗaga hannu. Ya kasa. Ya ajiye dutsen ya zauna a jikin gawar, kafaɗa da kafaɗa, fuskarsa ga tsuntsayen.

"Baba, ga su nan fa," ya ce. "Ka ce suna hanya, muna ta yi maka dariya. To sun iso. Ba su da kyau ko kaɗan, in gaya maka gaskiya. Wancan na gaba kansa kamar na dattijon cocinmu bayan na yi masa ƙwal-kwabo."

Ya ci gaba da magana, don in ya yi shiru sai su matso. Ya gaya masa farashin reza, da rikicin direbobin tasha, da yadda ɗansa Thabo ke son barin makaranta. In ya tsaya ya haɗiyi yawu, sai ya ji farcen wani a kan dutse, ƙaras, taki ɗaya. Sai ya kaɗa hannu ya ci gaba. A tsakiyar wani labari ya kama kansa yana ƙirga su, daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa. Ya ji kunya ƙwarai, amma sai da ya kai ƙarshe.

Ham ɗin mota ya zo da tsakar rana. Ya ji an buɗe ƙofa, ya ji takun Misis Mabhena tana hawowa da sauri, ita da ba ta taɓa sauri ba.

"Baba Sibindi," tana kira tana haki, muryarta cike da dariya. "Tun daga kan hanya muke ganinsu. Ka gani? Ka ga baƙinka?"

Ta ɓullo ta bayan dutse, madubi a hannu, fuskarta a sama. Sai ta sauke ido ta ga jaket ɗin. Dariyar ta jima a fuskarta kafin ta san inda za ta.

Sauran wunin ya tafi a abin da ba makawa. Maza huɗu suka sauko da shi a bargo. Aka biya ofishin 'yan sanda, aka yi tambayoyi, aka kai shi ɗakin ajiye gawa na asibiti. Da waya ta fara kamawa Misis Mabhena ta ciro tata.

"Kada ki kira," in ji Mlilo. "Kada kowa ya kira kowa. Ni aka ba shi, ni zan je in faɗa da bakina."

"In raka ka?"

"A'a, Misis."

Ya sa aka sauke shi a tasha, ya taka sauran. Rana ta yi sanyi, hayaƙin girki ya kwanta a kan rufin gidaje. Mata masu tumatir suka gaishe shi, wani ya tambaye shi ko shago zai buɗe gobe bayan coci, ya amsa bai san me ya ce ba. Gorar shayin na hannunsa. Duk hanya yana neman kalmar da zai fara da ita, shi da bai taɓa rasa abin faɗa ba, bai samu ba.

Da ya shawo kwanar layinsu ya tsaya cak.

Kujerun falon Sibindi na waje. An jera su a jikin shinge, ƙaramin teburin na kife a kan wata, labule a naɗe a kai. Haka ake yi a Luveve in an yi rashi, a kwashe falo a bar ƙasa fili don mata masu zaman makoki. Amma layin shiru yake, ba jan ƙyallen alamar rashi a ƙofa, ba maƙwabciya ko ɗaya, yara na buga ƙwallon leda a titi. A bakin ƙofar falo MaNkiwane ce ita kaɗai, tana jan doguwar kujera ta baya, ƙafar kujerar ta maƙale a dokin ƙofa.

Ya shiga gidan. Ta ɗago ta dube shi, ta dubi bayansa, ta dubi gorar.

"Wa ya kira ki, Mama?"

"Ba wanda ya kira ni."

"To yaya..."

"Ina wanke kwanuka da hantsi," ta ce. "Sai na ga ina kwashe kujeru."

Mlilo ya durƙusa a ƙasa, ya ajiye gorar a gabanta. "Kin ba ni amana. Ban dawo miki da shi ba."

Ta shafa kujerar inda yadin ya koɗe.

"Ka ɗauke ido daga kansa?"

"Ban ɗauke ba. Allah ya sani ban ɗauke ba."

"Ya sha wahala?"

Ya so ya ce a'a. Da wani ne ya tambaya da ya ce a'a, har ya ƙara da labari mai daɗi.

"Ban sani ba, Mama. Ina kallonsa tun safe, ban sani ba."

MaNkiwane ta gyaɗa kai a hankali. Ta dubi falon da ya rage ba komai sai wannan kujerar, sa'annan ta sake dubansa.

"Tashi, Mlilo. Kama mini wancan gefen, ta fi ƙarfina."

Ya tashi ya raɓa ta jikin ƙofa ya shiga, ya kama ɗaya gefen. Suka ɗaga tare, suka karkata ta har ƙafar ta kuɓuce, suka fito da ita tsakar gida a hankali, ita da baya, shi yana gaya mata inda za ta taka.